Dokar da Na Kafa wa Rumbun Baba

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na tashi rage wa Baba iko ba. Ina aji huɗu a kwalejin horon malamai, aka koya mana yadda mutanen Faransa suka sa sarkinsu ya yi mulki bisa rubutacciyar doka, da wanda ya gaje shi ya taka ta kuma suka kore shi. Na dawo hutu garinmu Ƙarfi kaina na hayaƙi (ni da ko Kaduna ban taɓa zuwa ba).

A gidanmu gandu muke yi, kuma Baba kaɗai ke leƙa rumbu. Shi ke ciro dawa ya ba Inna, ga tuwo kullum sai ƙanƙancewa yake. Na ce ai wannan mulkin danniya ne. Na yago takarda na rubuta dokoki, ta farko: ba a buɗe rumbu sai majalisar 'ya'ya ta gani. Yayyena biyu suka rantse suna bayana.

Bayan la'asar na tsaya a zaure na karanta wa Baba, har da ɗaga yatsa. Da na waiwaya, majalisa ta sulale.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Shi sarkin Faransan, ya yarda?"

Na ce, "Dole aka yi mashi."

"To ni ba sai an yi mani dole ba. Ɗauko tsani, Malam."

Na hau, na ɗaga jinka, na leƙa. Dami huɗu ne kwance can ƙasa, ga gero a gona ko kai bai fitar ba. Nan na gane dalilin azumin nafilar da Baba ya tsira tun faɗuwar ruwa. Kunya ta kama ni, tausayinsa ya fi ta.

Ya riƙe mini tsani, ya ce a hankali, "Ka gani? To sauko da fara'a, uwarka na kallo."

Na sauko ina washe baki, hawaye na zuba. Inna ta tambaya, na ce ƙaiƙayi ne ya shiga idona. Baba kuwa ya ninke takardar ya soke a rufin zaure, kuma har ya rasu bai taɓa yi mini gori ba.

Tun ranar, kafin in nemi a rage wa wani iko, sai na fara tambayar kaina ko zan iya saukowa daga tsanin nan ina dariya.