Rasuwar Shaho, Jirgin da Bai Taɓa Tashi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da kai a sunkuye ba, Malam Zakariyya'u mai gyaran keken ɗinki, na Layin Tsamiya a Makera, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabta na kirki da waɗanda suka san kansu, rasuwar jirgin yaƙinsa na roba, wanda gida ya sani da suna Shaho. Marigayin ya cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a tsakar gidan da aka haife shi, ƙarƙashin takalmin Isiyaku, kwamandan 'yan sintirin unguwa. Tsawonsa bai wuce taƙi guda ba. Ya rasu bai taɓa tashi sama ba, bai taɓa harbin kowa ba, bai san hanyar daji ba. A riƙe wannan maganar da kyau, domin za a komo kanta.

Asalin marigayin baƙo ne daga ƙasar waje. Ya shigo Kaduna cikin dilar kayan wasan yara na gwanjo, tsakanin wata 'yar tsana mai ido ɗaya da mota marar taya, ya sauka a shagon Ikenna da ke Sabon Tasha. Ranar da Malam ya je gyara wa matar Ikenna keke, mai shagon ya miƙo masa wani kwali da ya sha matsa, ya ce, "Malam, ɗauki wannan ka raba ni da shi. Jirgi ne, amma wai sai an haɗa. Duk garin nan kai kaɗai na sani mai haƙurin irin wannan wahala." Da aka buɗe kwalin a gida, babu jirgi babu alamarsa. Wasu fayafayan roba ne masu ruwan toka, cike da ƙananan gutsattsari maƙale da juna kamar ƙayar kifi, sai takarda mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa a Makera. Allah Ya taimaka akwai zane.

Wanda bai san Malam Zakariyya'u ba zai ce me ya kai dattijo mai furfura wannan aiki. Haka ma uwargidansa Khadija ta tambaya, ta kuma tambaya da ƙarfi. To mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaura injinan saƙa a masaƙar Kakuri, har ranar da aka garƙame ƙofa aka ce kowa ya kama gabansa. Tun daga nan abin da wani ya lalata kawai ake kawo masa. Bai taɓa tsammanin zai sake haɗa abu tun daga farkonsa ba, sai ga Shaho. Kullum bayan La'asar zai shimfiɗa tabarma, ya ɗora faranti a cinya, ya gyara zaman tabarau. Da abin yanke farce yake cire kowace gaɓa, ya goge bakinta da samfefa, ya ɗiga gam da tsinken sakace. Ita kuwa Khadija mai cewa aikin banza ne, ita ce ta ba da aron hantsakinta, kuma ita ce ta riƙe fiffiken hagu da yatsu biyu har gam ya kama, tana ta mita miya na ƙonewa.

Takardar ta nuna sai an sa wa jirgin nauyi a cikin hanci kafin a rufe cikinsa, in ba haka ba zai zauna kan wutsiya. Malam ya duba gwangwanin kayan aikinsa, ya ɗauko wani ɗan noti na injin saƙa, abu ɗaya tak da ya fito da shi a aljihu ranar da aka rufe masaƙa. Shi ya binne a hancin Shaho. Sannan ya zauna kan matuƙin jirgin, wani ɗan taliki da bai fi ƙwayar wake ba, ya yi masa fentin hula da tabarau da bakin allura, ya zaunar da shi a kujerarsa, ya rufe masa gilashi.

Marigayin mai kyawawan halaye ne, wannan ko maƙiyi ya shaida. Bai taɓa neman fetur ba. An kawo wuta, an ɗauke wuta, bai dame shi ba. Duk inda aka ajiye shi nan za a tarar da shi, hanci gaba, fikafikai a lanƙwashe baya, kamar mai jiran umarni. Ba shi da surutu. Abin da gida zai iya tunawa na muryarsa shi ne ƙas, ƙas, lokacin da ake yanko gaɓoɓinsa, sai kuma wani shuuuu da akan ji a tsakar gida idan Malam ya zaci Khadija ta tafi unguwa. An tabbatar wannan ba daga bakin marigayin yake fitowa ba, amma a yau Malam ba ya jin kunyar a sani. Sama da komai, Shaho bai taɓa kai maganar wani gidan wani ba, kuma ba kowane mai rai a layin nan ne za a yi wa wannan shaidar ba.

Gajeruwar rashin lafiya ya yi, ta yini ɗaya da kwana. Ba zafin rana ba ne, ba ɓera ba, ba jikoki ba. Bakin mutane ne. Ranar Litinin aka yi masa shafin fenti na ƙarshe, wari ya cika ɗaki, Khadija ta ce ko jirgi ya fita ko ita ta fita. Sai Malam ya ɗaura masa zaren kamun kifi, ya rataye shi a jikin gorar eriya don ya sha iska. Zaren ba ya ganuwa daga nesa. Iska ta riƙa juya shi sannu a hankali a saman katanga, wallahi gwanin sha'awa, Malam ya tsaya yana kallo har wuyansa ya ƙage. Ashe ba shi kaɗai ke kallo ba. Wani bawan Allah, wanda har yau bai sami ƙarfin halin bayyana kansa ba, ya ɗauki hoto ta bayan katanga ya tura guruf ɗin unguwa.

Malam ba ya raina tsoron kowa. Ya san halin da ake ciki, ya san gidajen da aka ɗauke wa mutane aka shiga da su daji, shi ma da ido ɗaya yake barci. Amma jama'a, a ji tsoron Allah! Kafin Azahar Shaho ya zama jirgi marar matuƙi. Kafin La'asar an sa masa kyamara. Kafin Magariba an sami wanda ya rantse ya gan shi ya nufi dajin bayan Mahuta ya dawo. Sai wani saƙon murya ya biyo baya yana cewa a yi tunani mana, wane ne a unguwar nan yake shiga gida-gida da sunan gyaran keke, ya san ɗakin kowa, ya san inda kowa ke kwana? Daga nan aka fito da kalmar da ake kashe mutum da ita a wannan zamani. Aka ce infoma, mai kai wa 'yan daji rahoto.

Washegari da hantsi Isiyaku ya faɗo gidan da mutanensa, jama'a na biye. Ba sallama. A sake ji da kyau, ba sallama. Khadija na bakin famfo tana wanki, da ƙyar ta fizgi zanen shanya ta rufe kanta. Isiyakun nan kuwa, keken da uwarsa ta yi ɗinkin da ta ciyar da shi, Malam ne ke gyara mata.

Malam ya ce, "Isiyaku, roba ce. Tsaya in sauko maka da shi ka duba da hannunka."

"Kada ka taɓa shi, Baba! So kake ka goge abin da ya ɗauka?"

Isiyaku ya kai wa jirgin duka da gora, zare ya tsinke, Shaho ya faɗo kan siminti. Wannan ita ce tafiya ɗaya tilo da ya taɓa yi a iska. Takalmi ya hau kansa. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙaras.

Nan take aka yi binciken gawa, a gaban shaidu fiye da yadda tsakar gidan za ta ɗauka. Aka farke ciki. Ba kyamara, ba batir, ba waya, ko zare babu. Iska ce kawai da busasshen gam. Da aka fasa hanci sai ga noti ya gangaro, Isiyaku ya cafe ya ɗaga sama yana cewa ga na'urar nan. Elisha makanike, maƙwabcin Malam na jikin katanga, ya karɓa ya juya shi, ya ce, "Haba Kwamanda, noti ne fa. Zo gareji in cika maka aljihu da irinsa." Ya miƙa wa Malam abinsa. Sai aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da uzuri. Isiyaku ya karkaɗe wando ya ce, "To, a dai kiyaye gaba." Abin da aka samu ke nan a madadin ban haƙuri.

Saƙon da ya ce infoma ya shiga kowace waya a Makera, ya tsallaka Kakuri, har a Tudun Wada an tare Malam da shi. Labarin cewa cikin jirgin wayam yake kuwa bai fita daga tsakar gidan ba. Tun ranar ba wanda ya aiko a kira shi gyara, sai gida ɗaya. Gida ne da ya yi shekara da shekaru yana shiga, ana shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, ana kawo masa kunu. Ya je ya yi sallama, sai aka turo kan keken zaure, aka ce daga ciki wai ya gyara a nan waje. Ya gyara, domin keken bai yi masa laifi ba. Amma ya ji ciwon wannan fiye da ƙarar takalmin Isiyaku, kuma ba ya ɓoyewa, da ya dawo gida ya yi hawaye. Sana'arsa duka a kan kalma ɗaya take tsaye, ya yi sallama a ce masa shigo. In aka ƙwace wannan, an ƙwace masa tuwo, an ƙwace masa suna. Har mai gidan haya ya aiko da shawara cikin ladabi, wai ko Malam zai ɗan je ƙauye ya huta kafin ƙura ta lafa. Wane ƙauye? A Makera aka yanke masa cibiya. Ba inda za shi, ko nan da bakin titi.

Marigayin ya rasu ya bar mai shi, Malam Zakariyya'u, da Khadija wadda yanzu ta fi kowa zafi a kan maganar. Ya bar kwalinsa mai hotonsa yana keta gajimare, da makamai masu linzami guda biyu da ba a kai ga manna masa ba, da rabin kwalbar fenti. Ya kuma bar matuƙinsa. Khadija ce ta tsinto shi da tsintsiya a bakin magudana, yana zaune daram a kujerarsa, hannu a kan sitiyari, ko hularsa ba ta goge ba. An ce jirgi ne marar matuƙi. To ga matuƙin nan a cikin kwalbar man keke, duk mai so ya zo su gaisa.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Liman ya ce ba a yi wa roba salla, Malam kuwa bai yi musu ba, bai ma nema ba. Ranar Asabar bayan La'asar za a fito da gawar a kan farantin da aka haife ta, a ajiye a teburin mai shayi na bakin layi, ciki a buɗe. Duk wanda ya tura saƙon nan, da wanda ya saurara ya gyaɗa kai, ana gayyatarsa ya zo da tabaransa ya nemi kyamara. Ana gayyatar Kwamanda Isiyaku gayyata ta musamman. Ba a neman ya durƙusa, ba a neman ya biya ko sisi. Abin da ake nema ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi abin da ya gani a cikin jirgin, da irin muryar da ya shigo da ita gidan mutane, a ɗauka a waya, a tura guruf ɗin da aka tura na farko. Yana gamawa za a sa Shaho a kwalinsa, a binne shi a gindin gorar eriya.

In kuwa Kwamanda ya sami uzuri, ba komai. Gawar roba ba ta wari, ba ta gaggawa. Za a dawo da ita teburin Asabar mai zuwa, da ta bayanta, da ta bayan wannan. Malam ya haɗa jirgi da tsinken sakace, ba Isiyaku ne zai koya masa jira ba.

Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da shinkafa ko goro. Ba kuma a karɓar gaisuwar raɗa, irin ta a kama hannun mutum a lungu a ce ai mu dama ba mu yarda ba. Wanda bai yarda ba ya faɗa a bakin layi. Wadda kekenta ke tsallake ɗinki ta aiko a kira Malam kamar yadda aka saba, a shimfiɗa masa tabarma inda aka saba.

A ƙarshe ana sanar da cewa Ikenna ya tono ƙanin marigayin a wata dila, har ya fi shi tsawo. Notin masaƙa zai koma hancinsa, matuƙi zai koma bakin aiki. A ƙofar gida za a haɗa shi, da rana tsaka, a idon kowa. In fenti ya sha, za a rataye shi a gorar nan dai, an ma ƙara mata tsawo. Duk mai son ya san abin da ke cikinsa, ƙofa a buɗe take. Ya tsaya a zaure ya yi sallama.