Yadda na rubuta sunayen mutanen gidanmu

A gidanmu na Sabonjida mu tara ne muke buga ludo ta waya, dukanmu da intanet ɗaya. Ni kaɗai na zauna na karanta dokokin wasan daga farko har ƙarshe. A can na ga an ce gida ɗaya kada ya wuce akawun biyu, wato asusun ɗan wasa biyu.

Na yi tunani bi da bi. Na farko, ɗakunanmu biyar ne. Na biyu, kowane ɗaki da tukunyarsa. Saboda haka gida biyar ne, ba mu da laifi. Abin da ya rage shi ne in sanar da kamfanin wasan.

Matata Memuna, wadda ta shekara biyu tana tara maki, ta ce, "Maigida, wa ya tambaye ka?"

Na ce mata, "Aiki sai da tsari. Za ki ga har godiya za su yi mini."

Na jera sunayenmu tara da lamba, nawa a sama, na yayana yana bi, na aika. Sun gode mini kuwa, sannan suka bar biyun farko suka rufe bakwai. Memuna ce ta uku. Sati guda ana ajiye mini tuwo ba a ce mini kanzil.

Kwanan nan matar ƙanina ta haihu. Ranar suna na tambayi sunan jaririn, sai Memuna ta ɗaga murya: "Kada ku faɗa masa, jama'a! Yaron ko waya bai riƙe ba tukuna, za a rufe shi."