Ranar da Na Kulle Gidan Baba Seidu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka yi jana'izar Baba Seidu ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya rage mini kaifin tunawar. A ranar ne, da furfurata da komai, na durƙusa gaban wani ɗan akwatin roba ina zufa, gida cike da 'yan makoki suna kallon ƙeyata.

Bari in ɗauko zancen daga tushe. A unguwar Nima aka haife ni, iyayena daga Nijar suka zo. Allo na yi, ban yi boko ba, kuma ƙuruciyata duk a gadin shaguna ta ƙare a unguwar Tudu. Sai da na haura hamsin na shiga ajin manya, na koyi haɗa baƙi, yara sa'o'in jikokina suna leƙe ta taga. Da karatu ya fara zama, sai zuciya ta yi kwaɗayi, na je wata cibiyar koyon sana'a a Kotobabi inda ake koyar da kwamfuta. Da aka karanto mana darussan, na zaɓi tsaron sadarwa, wato yadda ake kare intanet ɗin gida ko na ofis daga masu kutse. Kalmar tsaro ce kaɗai na gane a cikinsu (na ce a raina gadi dai gadi ne, ko da kulki ko da kwamfuta).

Malamarmu Madam Rukaya ce, 'yar unguwar Maamobi, sa'ar 'yata ta fari. Baba take ce mini, kuma tana da haƙurin jira in nemo harafi da yatsa ɗaya. 'Yan aji suka laƙaba mini Injiniya don tsokana. Sunan ya biyo ni gida, kuma a gida babu wanda ya san tsokana ce. Ni ma ban gyara musu ba.

Gidan namu na haya ne, Baba Seidu ne mai shi. Na daɗe a ciki har 'ya'yansa Kawu suke kirana. Yana can ƙuryar lungu, benaye sun rufe shi ta kowane gefe, don haka sabis ɗin waya ba ya shiga ko tsakar gida. Mai son magana sai ya taka zuwa bakin lungu, gefen kwata. Da ciwo ya kwantar da Baba, 'yarsa Memuna da ke Jamus ta sa aka kafa eriya a kan rufi, aka jawo waya zuwa wani ɗan akwati da ke raba intanet a gida, rauta ake ce masa. Takardunta na zama a can ba su kammala ba, in ta fito ba za ta iya komawa ba. Kiran bidiyon da take yi kowace yamma shi ne zuwanta gida.

Matsalar ita ce Baba ba ya hana kowa kalmar sirrin rautar. Tana nan manne a bayan akwatin yadda kamfani ya kawo ta, kuma mai shayi ya san ta, tela ya san ta, masu awon masara na bayan gida sun san ta. Na taɓa yi masa magana, ya dube ni daga kan katifa ya ce, "Injiniya, iska ce fa. Ana rowar iska?" Amma idan lungu duka ya hau, sai kiran Memuna ya riƙa sarƙewa, fuskarta ta daskare baki a buɗe, tsoho yana ta "Na'am? Me kika ce?" Abin yana ci mini rai, wannan gaskiya ne. Gaskiya ta biyu kuma ita ce ina neman inda zan gwada karatuna.

Wata Alhamis Madam Rukaya ta koya mana cewa kowace waya tana da lambarta ta kanta, kuma ana iya gaya wa rauta kada ta buɗe wa kowa sai wayoyin da ta sani. Ta nuna mana inda ake dannawa. Tana cikin bayani aka ɗauke wuta, ajin ya yi duhu da zafi, ta ce, "To, Litinin mu ƙarasa. Kada wanda ya je ya taɓa ta gidan mutane, kun ji?" Muka yi dariya. Na fi kowa dariya.

Washegari bayan sallar Juma'a na sami Mma Adiza, matar Baba, tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta.

"Mma, yau zan kore miki ɓarayin intanet."

"Ei, Injiniya, ɓarayi kuma? Maƙwabta ne."

"To, maƙwabtan za su ɗan dakata. Daga yau sai wayarki da tawa. Memuna za ta ga Baba tar, kamar tana ɗakin."

Ta ajiye rariya. "In dai za ta gan shi da kyau, yi. Kai ka yi karatun."

Na shiga cikin rautar da wayata kamar yadda aka nuna mana, na sami wurin, na danna. Nan take wayata ta faɗo daga intanet. Na ce madalla, ƙofa ta rufu. Sai da na zo saka lambar wayar Mma da tawa na gane cewa sakawar ma daga ciki ake yi, ni kuwa ina waje tare da mai shayi da tela. Na rufe kafin in gaya wa rautar ko mutum ɗaya da za ta sani.

Ban gaya wa Mma haka ba. Na ce mata aikin mataki-mataki ne. Da yamma ta fita bakin lungu ta kira Memuna da baki, ta ce mata Baba yana barci yau, ta bari sai gobe. Ni kuma na lallashi kaina cewa Litinin ba nisa.

Baba Seidu ya rasu bayan sallar asuba.

Kafin hantsi gida ya cika. An shimfiɗa tabarmi har cikin lungu, mata a tsakar gida, maza a waje. Malam Issaka, ƙanin marigayi, shi ke riƙe da al'amura, mutum ne da ba ya maimaita magana. Ya ce da an yi azahar za a sallace shi, maƙabarta da nisa, ga cunkoson motoci. Mma ta same shi da roƙo ɗaya: Memuna tana ta kuka a waya, tana son ganin fuskar ubanta kafin a ɗaure likkafani. Ya ce, "Ta gani da idonta ta yi masa addu'a, na yarda. Amma hoto a'a. Ba za a ɗauki gawar yayana tana yawo a wayoyin mutane ba." Ya juyo gare ni. "Injiniya, haɗa mu da yarinyar."

Rautar tana kan wata 'yar kanta a baranda, dab da ɗakin da ake wankan. Na durƙusa. Fitilunta suna ci, kore shar, kamar babu abin da ya faru. Na kashe na kunna. Na zare waya na mayar. Na hura ramukanta (wannan ba a koya mana ba, daga gyaran rediyo na aro shi). Ina jin zubar ruwa a ɗakin, ina jin ƙamshin turare, kuma na san ma'anar kowane sauti, don ni ma na sha yi wa mamata wanka a lungun nan.

Malam Issaka ya leƙo. "Yaya?"

"Saura kaɗan, Malam."

Wata tsohuwa daga cikin mata ta ce, "Ba shekaranjiya abin nan yake aiki ba? Wa ya taɓa?" Mma ta san amsar, ta sunkuyar da kai.

Da ya leƙo na biyu ya ce, "Akwai Yakubu mai gyaran waya a bakin titi. A kira shi?"

A nan ne na yi abin da ya fi danna maɓallin muni. Da na ce a kira shi, da wataƙila ba ni da labarin da zan ba ku. Amma na ji idanun matan a bayana, na tuna da sunan da suke kirana da shi, sai na ji bakina yana cewa, "Wannan ba aikin mai gyaran waya ba ne, Malam. Harkar tsaro ce. A bar ni da shi." Ya dube ni, ya saki labule.

Na ci gaba da latse-latse. Ladan ya kira azahar. Malam Issaka ya fito, hannuwansa a jiƙe, bai ko dubi inda nake ba, ya ce wa Mma, "Adiza, haƙƙin mamaci ne a gaggauta. Shigo ki yi sallama da shi, za mu ɗaure."

Ta shiga, ta ɗan jima, ta fito. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki wayarta, ta ratsa tabarmin mutane ba takalmi, ta nufi bakin lungu. Sai a lokacin na miƙe na bi ta, don in kira Madam Rukaya, abin da ya kamata in yi tun jiya. Muka tsaya gefen kwata, ita da wayarta, ni da tawa, motocin haya na trotro suna wucewa yaran mota suna kiran fasinja. Wayar Madam tana ta ringi, ni kuwa kunnena yana wajen Mma.

"Memuna, saurara, ni zan gaya miki. Fuskarsa ta yi haske. Kumburin nan na ƙafa duk ya saɓe. An taje masa gemu. Bakinsa a rufe, kamar lokacin da yake jin labarai a rediyo ba ya son a dame shi. Kin tuna? To haka yake. Yi masa addu'a yanzu, ina riƙe da ke."

Madam ta ɗauka. Na gaya mata komai, ban rage ba. Ba ta yi faɗa ba, ta yi ta'aziyya tukuna, sannan ta ce, "Baba, juya akwatin. Akwai ɗan rami a baya, ƙarami kamar na allura. Sami tsinken tsintsiya ka danna ciki, ka riƙe har fitilun su mutu. Zai manta duk abin da ka gaya masa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. Kowane mai gyaran waya ya sani."

Ina komawa na yi karo da makara a bakin ƙofa, na manne da bango ta wuce. Maza suka bi ta zuwa masallaci. Ni, da na zauna a gidan mutumin nan tun 'ya'yansa suna rarrafe, ban bi ba. Na shiga cikin mata na zari tsinke daga tsintsiyar Mma, na danna ramin. Fitilu suka mutu, suka dawo.

Gidan ya yi tsit, sai tasbihi. Can sai wayoyi suka fara kuka, ta cikin jakunkuna da ƙullin zane, nan da can, saƙonnin kwana guda suna shigowa a lokaci ɗaya. Mata suka riƙa lalube suna kashewa. A cikin wannan hayaniya kiran bidiyon Memuna ya shigo wayar Mma. Hoton ya fito tar, yadda na yi alkawari.

Idanunta sun kumbura. Ta ce, "Mma, ya dawo? Wa ya gyara?"

"Kawunki ne," in ji Mma, ta juyo da wayar gare ni.

"Allah ya saka da alheri, Kawu. Na san ka yi ƙoƙari."

Zagi na shirya wa, ban shirya wa godiya ba. Tsinken yana hannuna. Na ce, "Memuna, kada ki gode mini. Ni na rufe shi jiya, da karatun da ban gama ba. Yau kuma aka ce a kira mai gyara na hana."

Ta share idanunta. Sannan ta ce, "Kawu, ɗauki wayar ka kai ni ɗakinsa." Na kai ta. Na zagaya da ita a hankali: katifar da aka naɗe, jiƙaƙƙen siminti, hularsa a kan ƙusa. Ta ce in tsaya a kan hular. Na tsaya, ban sauke ba sai da ta ce ya isa.

Ran Litinin na je aji. Na yi niyyar zama a baya, amma Madam Rukaya ta tambaye ni a gefe ko zan yarda in ba 'yan aji labarin kafin ta ƙarasa darasin. Na tashi na bayar. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Daga nan ta koya mana sauran: ka fara shigar da na gida kafin ka rufe, ka tanadi hanyar komawa, kuma kada ka gwada sabon abu a kan layin da wani yake dogara da shi.

Memuna ta yafe mini, da bakinta ta faɗa bayan addu'ar arba'in. Har yanzu tana gaishe ni da Kawu. Amma yafiya ba ta mayar mata da abin da na hana ta ba, kuma mu duka biyun mun san haka.

Ina nan ina karatun, ban fasa ba, har an fara ba ni ƙananan ayyuka a shagunan Maamobi ƙarƙashin idon Madam. Abin da na ƙware a kai dai ba ya cikin manhaja. Duk ajinmu babu wanda ya kai ni saurin cewa "ban iya ba, a kira wani." Da ɗan ɗaci a baki, amma na gwada ɗaya hanyar, kuma ba ni na biya kuɗinta ba.