Saƙon ragin taki da na goge

A majalisarmu ta Makoɗa ni ne mai cika bakin cewa ba a iya cuta ta. Da saƙo ya shigo wayoyinmu, wai a nuna shi a shagon Alhaji Sule, surukina, a sami ragi kan taki, na ce, “’Yan damfara ne. Yaushe Alhaji ya iya tura saƙo?” Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya na goge, har ana min godiya.

Ran kasuwa da yamma sai ga Alhaji. “Mutanen ƙauyuka sun kwashe takin. Ku ba ku ga saƙona ba?”

Kowa ya zuba min ido.

Har yau, in waya ta yi ƙara, ni ake miƙo wa: “Malam Goge, duba, matata ce ko ɓarawo?”