Lauyan da Ya Kare Kawunsa

Wani ne ya gama karatun lauya ya dawo Daura, ana cikin zafin ƙaddamar da shari'ar Musulunci. Littafi kam ya haɗiye shi, amma ko ƙofar kotu bai taɓa leƙawa ba. Shari'ar da ya sani ita ce ta wasa da suke yi a aji, malami na ba da maki. Duk da haka in ya wuce ta Kusugu, gaisuwa ma sai ya ga dama yake amsawa.

Ana nan sai aka kai ƙarar kawunsa Ɗantsoho. Maƙwabcinsa Kalilu ya ce akuyarsa ta shiga gonar waken tsohon, shi kuma ya yanka ta. Ba wanda ya gani. Kawu ya ce ai abin nema ya samu, ga lauya a gida.

Ranar zama gogan naka ya zo da baƙar riga da hular gashin nan ta lauyoyi, gumi har wuya. Ya miƙe ya yi ta zuba, Larabci da Turanci, ya ce hujja a wuyan mai ƙara take, ina shaidu? Alƙali ya gyaɗa kai, ya fara shirin sallamar tsohon. Kawu har ya lalubi takalmansa.

Sai shashashan ya ɗaga hannu.

“Allah ya gafarta malam, ban gama ba. A makaranta duk wanda ya kawo ɓangare ɗaya, rabin maki yake samu.”

Ya tattara riga ya koma gefen Kalilu. Ya ce a je a duba bayan rumbun kawu, fatar na nan a shanye. Kawu yana ta ƙifta masa ido, shi ko a jikinsa. Ya ce in ana neman shaida, shi da kansa ya sha romon, har da ƙari.

Alƙali ya ce a biya akuya, a kuma yi wa tsohon bulala a bakin kotu.

Ana jan kawu waje, lauya ya gyara hula, ya russuna yana murmushi.

“Allah ya gafarta malam, maki nawa na samu?”

Kawu ya waiwayo.

“Biyo ni ka ƙirga, ɗan nema, a gadon bayana za a rubuta maka su.”