Larabar da Ta Yi Awa Talatin

Ni da bakina na ce a bar mini aikin. Ogammu, Malam Bitrus, yana son sanin yawan lokacin da ƙananan kwamfutocin da ke zaune cikin babbar kwamfutar ofishinmu na Kakuri suke cinye mata. Baƙi muke kiran su, don tamkar 'yan haya suke.

"Kafin shayinka ya huce na gama," na ce.

Kanel, wato zuciyar manhajar, tana nuna lokacin aikin gida, wato na babbar kwamfutar, da na baƙi a layi daban-daban. Na haɗa su, na buga rahoto har da launi. Ashe ta riga ta zuba na baƙi a cikin na gida. Sau biyu na ƙirga.

A taron Litinin na miƙe ina bayani, hannu a aljihu. Oga ya daɗe yana duban takardar.

"Injiniya, ƙwaƙwalwar kwamfutar nan guda ɗaya ce. Ya aka yi ta yi aikin awa talatin ranar Laraba?"

"Tana da ƙwazo, Oga."

Wallahi haka na ce. Hajiya Rabi, sakatariyarmu, sai da ta fita baranda saboda dariya.

Har yau in na makara, takan ce, "Ku ƙyale Injiniya. Ranarsa ta fi tamu tsawo."