Shukar Baƙo a Hannun Bushiya

A wani daji an yi wata majalisa mai zaɓen wasannin bidiyo da ake kawowa daga hayin kogi. Abin da ta amince da shi, shi dabbobi ke samu a na'urorinsu. Wanda ta ƙi kuwa, ko sunansa ba sa ji. Manyan majalisar ba su taɓa buga wasa ba, wai girma ya hana. Wannan wahala sun bar wa Bushiya, wadda ba mai zama kusa da ita saboda ƙaya.

Rannan aka kawo mata wani wasa na gwaji. Ba faɗa a ciki, ba tsere. Za ka shuka iri a lambu, amma ba ka da ikon ba shi ruwa. Sai wani ɗan wasa a wani dajin, wanda ba ka gani, ya shayar maka, kai ma ka shayar masa. Kwana arba'in Bushiya na tashi ta tarar da shukarta jiƙe. Ba ta san ko wane ne ba, amma tunda take ba a taɓa tunawa da ita kullum haka ba. Ga doka kuma: wasan da majalisa ta ƙi, ranar ake rufe shi.

Da majalisa ta zauna, Kura ta dubi shugaba ta fara. "Ranka ya daɗe, da tsohuwar zuma ake magani. Bara dambe muka saki, bana a ƙaro dambe. Wa zai zauna gadin tsiro?"

Dila ya gyara murya. "Ni ban ce wasan ba shi da kyau ba. Amma an yi shi ne don masu kaɗaici, irin na hayi. Mu nan dajin zumunci ne."

Bushiya ta miƙe. "Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Ku buga shi ko na yini ɗaya. Akwai wanda ke jiran ruwa daga hannuna, in aka rufe zai zaci na manta da shi ne."

Burtu, shugaban majalisa, ya ce adalci shi ne a tambayi jama'a. Aka yi shela, daji ya hallara.

"Duk mai fama da kaɗaici," in ji Burtu, "ya fito tsakiyar fili mu gan shi."

Ba wanda ya fito. Labarin zuciya a tambayi fuska: Bushiya ta ga Barewa ta ɗaga ƙafa ta mayar, ta ga Kura kanta ta sunkuyar da kai tana tonon ƙasa. Ita ma ta so fita, wallahi ta so. Amma da idanu suka fara juyowa, jikinta ya yi abin da ya saba, ta dunƙule.

Aka yanke hukunci babu mai bukata. Kafin a karɓe na'urar gwajin, Bushiya ta roƙi minti ɗaya, ta juye wa shukar baƙon duk ruwan da ke tulunta, ko zai kai shi kwana biyu. Tata shukar tana nan jiƙe, an riga an shayar da ita tun da safe.

Burtu ya yi wa daji barka da wannan zumunci, taro ya watse. Hanyar fita faffaɗa ce, amma ba a ga biyu sun jera ba.